Ruwan da Bai Kwana Ba

A unguwar da ke bayan tsohon kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, kowa ya san gidan Malam Maitama da sunan gidan kifi. Ba sayar da kifi ake yi a gidan ba, ba kuma kiwonsa ake yi don miya ba. Wani akwatin gilashi ne a ɗakin Malam, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, cike da ruwa da fararen tsakuwa, waɗansu jajayen kifaye masu jela kamar gyale suna kai da komo a ciki. Matan da ke shigowa dubiya sukan gaishe da maras lafiyar a gurguje, su ɓuge da kallon kifi.

Malam Maitama ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran inji a kamfanin nan, har kamfanin ya mutu ya bar shi, ya koma gonarsa ta masara a hanyar Dandume. A can ciwon ya same shi, wata safiya yana duƙe yana zuba taki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya a zaure sai an ji a ƙarshen layi, ya koma ba ya iya fitar da komai sai wani gurnani, wanda matarsa Mero kaɗai ke iya rarrabe na ƙishirwa da na fushi.

Awaisu ne ya kawo kifayen. Shi ne ɗansu na fari, yana aikin ofis a Abuja. Da yake ɗan fari ne, Mero ba ta taɓa kama sunansa ba. A hannun kakarsa ya tashi, ya ji yaran gidan suna kiran uwarsa Gwaggo, shi ma ya bi sahu. In za ta yi zancensa sai ta ce wancan na Abuja. Tunda take ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa sayo mini kaza ba. Abin da ya kawo ta karɓa ta sa albarka, abin da bai kawo ba ta yi kamar ba ta san akwai shi a duniya ba.

Ranar da ya kawo akwatin, bayan an sallamo Malam daga asibiti, shi da kansa ya kafa shi a kan tebur daidai inda idon uban zai riƙa sauka. Ya haɗa ɗan injin da ke hura iska a ruwan da batirin solar gidan. Sannan ya miƙa wa uwar wata kwalbar roba mai duhu, wadda ba a ganin cikinta.

"Gwaggo, wannan shi ne ran kifayen nan," in ji shi. "Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, maganin da ake zubawa don kashe cuta. Mu ba ya yi mana komai, amma kifi yana ƙone masa hanyar numfashi. Duk sati ki rage ruwan ki zuba sabo, amma kafin ki zuba ki sa rabin murfin wannan a bokiti ki motsa. Nan take yake kashe kulorin ɗin."

Mero ta karɓa ba ta dube shi ba. A ranta ta ce aiki ne aka ƙaro mata a kan aiki: ga wankin Malam, ga juya shi, ga ba shi abinci a baki, yanzu kuma ga renon kifi.

Amma ba a yi wata guda ba ta janye wannan magana. Malam da ya ƙi abinci, ya ƙi duban kowa, sai ga shi yana wuni idonsa na bin kifayen. Akwai wani babba mai farin tabo a goshi, mai ture sauran in an zuba abinci, wanda Mero ta sa wa suna Dillali. In Dillali ya yi ƙwacensa, sai gefen bakin Malam mai lafiya ya motsa. Ita kaɗai ta san dariya ce. Ranar canjin ruwa kuwa ta zama masa kamar ranar kasuwa. Sai ta jingina shi da filo, ta kawo bokiti gabansa, ta buɗe kwalbar, ta auna rabin murfi a inda zai gani, ta tsiyaya, ta motsa. Shi kuma yana bin hannunta da ido irin na tsohon makanike, mai son ya ga an ɗaure kowane noti.

Haka aka ci shekara, aka shiga ta biyu. Awaisu ya yi aure a can, zuwansa ya ja baya. Kwalba kuwa ta fara sauƙi a hannu.

Mero ta faɗa wa 'yarta Sa'adiya, wadda ke aure a Mahuta, take zuwa kan babur duk Juma'a ta taya ta wanki. Sa'adiya ta ɗauki kwalbar ta zaga da ita kasuwar Funtuwa, shagon masu maganin dabbobi, shagon masu maganin feshi, har kemis. Kowa ya juya ta ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sai dai Kaduna ko Abuja. Ta kira yayanta a waya, ya ce zai ba direban tasha ya kawo. Ta sake kira, ya ce ya sha'afa. Ta kuma kira, ya ce yana cikin taro. Daga nan in ta kira sai wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke.

"Inna, ki karɓi wayar ki faɗa masa da bakinki," in ji Sa'adiya. "Ke in kin yi magana ai zai ji."

"Ni zan roƙe shi? Bar shi, yana da abin da ya dame shi."

Mijin Sa'adiya, wanda ya taɓa kiwon tarwada, shi ya aiko da shawara: a tari ruwan famfon a baho, a bar shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu, warin maganin zai fita da kansa. Mero ta gwada da fargaba. Kifaye suka tashi lafiya lau. Ta yi hamdala, ta ce an huta da kwalba.

Ashe ba a huta ba. Ranar da ta fara kawo bokiti ba tare da kwalbar ba, tana ɗaga shi za ta juye, Malam ya saki wani gurnani da ya sa ta kusa sakin bokitin. Hannunsa na hagu yana dukan katifa, idonsa na kan tagar da ake ajiye kwalbar. Ta yi masa bayani, ta ce ruwan ya kwana, ta ce ba komai. Bai saurara ba. Numfashinsa ya fara sama-sama, jijiyar wuyansa ta tashi. Tsoro ya kama ta kada ciwon ya sake bugunsa. Ta ɗauki kwalbar ta fita tsakar gida, ta tsaya jim a gindin randa, sannan ta cika ta da ruwa. Ta dawo ta auna rabin murfi a gabansa. Ya lafa.

Tun daga ranar haka take yi. Ruwan baho da ya kwana shi ke riƙe da kifayen, ruwan kwalba shi ke riƙe da Malam. Ko Sa'adiya ba ta faɗa wa ba.

Ana tsakiyar bazara, rijiyar gidan ta koma laka, Awaisu ya zo. Ba sanarwa. Shi da matarsa Najiba za su ɗaurin auren abokinsa a Malumfashi, suka ratse su gaida gida. A safiyar nan aka kawo ruwan famfo bayan an daɗe ba a gan shi ba, unguwa duk ta rikice da ƙarar bokitai. Mero ta cika baho da duro da duk wani abin da zai riƙe ruwa, ban da randa da ke da sauran tsohon ruwa. Ruwan yana ta warin kulorin, kamar bilic ɗin wanki, har yana hawa kai. Mata a layi suna cewa an ƙara magani ne saboda amai da gudawa.

Ta ji sallamar Awaisu, amma ta ci gaba da tankaɗen da take yi, ta amsa ba ta ɗago ba. Najiba ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Yarinya ce mai ladabi, fara sol, ƙamshin turarenta ya cika tsakar gidan. Wannan ne zuwanta na biyu tun da aka yi auren.

Suka shiga ɗakin Malam. Da ya ga ɗansa, hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. Awaisu ya zauna bakin gado ya riƙe hannun uban, ya yi ta tambayar jiki, yana ba kansa amsa. Can ya juya ya dubi akwatin, fuskarsa ta canja.

Gilashin ya yi kore ta gefe-gefe, ruwan ya yi ɗan duhu. Rashin ruwa ne ya sa sati ya zagayo har ya wuce Mero ba ta canja ba.

"Waɗannan ne kifayen da kake ba ni labari?" in ji Najiba, tana leƙawa. "Ai da ƙyar ake ganinsu."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, Mero ta san haka. Amma ta ga yadda kunnen ɗanta ya ɗauki maganar. Ya miƙe, ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa matar, ya naɗe hannun 'yar ciki.

"Bari in wanke wa Baba shi kafin mu wuce."

"Ka bar shi," in ji Mero daga bakin ƙofa. "Ruwan yau ne, bai kwana ba. Jibi zan yi."

"Kwana kuma? Gwaggo, ai ba ya buƙatar kwana. Amfanin maganin ke nan. Kina zubawa kina motsawa, kafin ki wanke hannu ya gama aikinsa." Ya miƙa hannu taga ya ɗauko kwalbar, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya yi dariya. "Ji fa. Ashe ma a cike take. Sa'adiya ta hana ni sakat da waya wai ya ƙare, wai kifi za su mutu. Yarinyar nan da ƙarin gishiri take."

Mero ta dubi kwalbar. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya ce ma: ruwa ne a ciki. Amma ta hango abin da zai biyo baya. Zai tambaya me ya sa, a gaban matarsa da ke riƙe da rigarsa, sai ta ce don ba ka aiko ba, an roƙe ka an gaji. Malam kuma, da ke kwance yana ji, zai san ta daɗe tana yi masa wasan yara da murfin kwalba. Ta dubi Najiba, ta dubi bayan ɗanta, wanda rabon da ya yi wa uban nan wani aiki da hannunsa har ta manta.

"Ya daɗe a ajiye," ta ce a hankali. "Ƙila ƙarfinsa ya ragu."

Ya juya kwalbar ya duba rubutun gindinta. "Da sauransa, sai baɗi zai lalace. Amma don hankalinki ya kwanta, bari in ninka."

"Ka rage kaɗan kawai. Kada ka kwashe duka."

"Gwaggo, ki zauna ki huta. Kullum ke ce, yau ɗaya ki bar ni."

Ta bar shi. Ta koma ta tsaya jikin ƙyaure, hannunta cikin zani.

Gaskiya ya yi aiki da zuciya ɗaya. Ya kwashe kifayen da kofi ya sa a roba, ya zuƙe tsohon ruwan da tiyo har ƙasa, ya fito da tsakuwar ya wanke, ya goge gilashin da sabon soso har yana ƙara. Gumi ya jiƙa masa riga. Yana yi yana ba uban labarin Abuja, da cunkoson hanya, da gidan da yake so ya kama mai ɗaki a ƙasa don in Baba ya zo. Ya ɗebo ruwa daga baho, ya auna murfi guda cur ya tsiyaya, ya motsa da hannu. Ya ɗan jira yana share goshi, sannan ya ɗaga bokitin.

Malam ya yi gurnani.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Awaisu. "Yanzu za ka gan su tangaran."

Mero ta san wannan gurnanin, ba na murna ba ne. Ta saci kallon gadon. Ta yi zaton za ta ga idon Malam a kan bokiti ko a kan kwalba, sai ta same shi a kanta. Kallonta yake yi kai tsaye, bai ko ƙifta ba. Nan ta tuna hancin mutumin nan lafiyarsa lau. Warin bilic ya cika ɗakin, irin warin da bai taɓa ji daga bokitin da take kawowa ba. Ko ya daɗe da gane abin da take yi, ko yanzu ya gane, ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne jira yake ta yi magana, tunda shi ba shi da bakin yi.

Ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce ai yanzu za su tafi, ɗaurin aure ba ya jira. Suna fita za ta kwashe kifayen ta sa a ruwan randa. Ƙila ma akwai ɗan sauran magani da ya maƙale a gindin kwalbar.

Akwatin ya cika, ya yi fes kamar ranar da aka kawo shi. Awaisu ya mayar da kifayen ɗaya bayan ɗaya. Suna shiga suka fara gudu, suna karo da gilashi, suna tasowa sama.

"Ji yadda suke murna," in ji Najiba, ta ɗaga waya tana ɗauka.

Ba su tafi ba. Abokin ya kira ya ce an ɗaga ɗaurin auren sai bayan la'asar. Awaisu ya ce to madalla, zai ci tuwon gida. Ya watsa ruwa, ya ja kujera ya zauna kusa da uban, ya juya wa akwatin baya. Najiba ta biyo Mero madafa wai za ta taya ta, tana tambayar yadda ake kaɗa miyar kuka ba ta yi gudaji ba. Mero tana amsawa, hannunta na aiki, hankalinta na ɗaki. Sau biyu tana shiga da sunan ɗauko wani abu. Na farko ta ga kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Na biyu ta ga ƙaramin cikinsu ya karkata gefe guda.

"Kamar ba su ji daɗin ruwan ba," ta ce.

Awaisu ya waiga. "Sabon ruwa ne, haka suke yi. Za su saba." Ya koma kan labarinsa.

Suka ci tuwo, ya je masallaci ya dawo, ya ɗauki hoto da uban, ya ajiye leda cike da madara da sabulu a gefen gado. Ya durƙusa ya yi wa uwar sallama. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka, muryarta ba ta ko girgiza ba.

Ƙarar motar ba ta gama barin layin ba ta faɗa ɗakin da roba. Ta kamfaci ruwan randa, ta riƙa tsamo kifayen da tafin hannu. Jikinsu ya yi wani fari-fari, yauƙi na fita. Ƙaramin ya riga ya mutu. Sauran ta zuba su a robar, ta ajiye ta a ƙasa, inda Malam ba zai gani ba, ta tsoma bakin tiyon iskar a ciki, ta tsuguna a kai tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

Malam ya buga katifa. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake bugawa, da ƙarfi. Dole ta ɗago robar ta ɗora a kan kujera a gabansa.

A gabansa suka ƙare. Kafin la'asar biyu sun bi ƙaramin, kafin rana ta faɗi saura Dillali kaɗai, yana kwance a gindin roba yana buɗe baki a hankali. Da gari ya waye ta same shi ya taso, cikinsa a sama. Ta haƙa rami a gindin zogale ta binne su, don ba za ta iya jefa wa kaji ba.

Da ta kawo wa Malam koko, ya datse bakinsa. Ta lallaɓa, ta roƙa, ta kai cokali, ya kau da kai. Da rana ma haka. Sai da ta aika aka kira Sa'adiya, ta zo a kan babur hankali a tashe, ta karɓi kofin, sannan ya buɗe baki ya sha.

Sa'adiya ta fito tsakar gida ta kira yayanta, ta buɗe muryar wayar. Wannan karon bugu ɗaya ya ɗauka. Da ya ji labari ya yi salati, sannan ya fara tambaya. Me aka yi bayan tafiyarsa? An zuba musu wani abu? Sa'adiya ta ce Inna dai ta ga suna wahala ta mayar da su ruwan randa.

"Ruwan randa? To ai shi ke nan. Ruwan randa mai sanyin nan, a ciro kifi daga ruwa mai ɗumi a jefa shi ciki? Na ce mata za su saba. Abin da ya sa ke nan nake jin nauyin kawo irin waɗannan abubuwa gida. Ba ta wayar."

Mero ta karɓa ta riƙe nesa da kunnenta.

"Gwaggo, da kin bar su yadda na bar su, da yanzu suna nan."

"Haka ne," in ji ta.

"Ba komai, ya riga ya faru. Ki ba Baba haƙuri, zan aiko da wasu."

Ta miƙa wa Sa'adiya wayar ta koma bakin murhu. Sa'adiya ta tsaya tana dubanta. Sannan ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar, ta buɗe ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa.

"Inna, wannan ai ruwa ne."

Mero ta ci gaba da tura kara a wuta.

"Kina tsaye ya zuba wannan a ruwan famfo, kin san ruwa ne?"

"Matarsa na wurin."

"Matarsa na wurin." Sa'adiya ta maimaita, ta zauna a kan turmi kamar an tura ta. "Najiba ta kira ni jiya daga Malumfashi, tana dariya, wai Yaya ya ce in rage ƙarya, ga magani cike da kwalba. Na rasa me take nufi. Ni da na gama kasuwar garin nan da ƙafata ina neman abin nan. A gabanki ya faɗa?"

"A gabana."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? In tsaya in tozarta shi a gaban iyalinsa?"

"Ni an tozarta ni ai, ba komai. Baba ma ga shi can." Ta share ido da bakin mayafi. "Duk Juma'ar duniya ina kan hanyar nan, rana da ruwa. Shi ya zo ya yi wuni ɗaya. Bari in kira shi in faɗa masa abin da ke cikin kwalbarsa."

"In kin kira shi ban yafe ba."

Maganar ta fita kafin Mero ta auna ta. Ba ta taɓa faɗa wa wani ɗa nata haka ba. Sa'adiya ta dube ta, ta daɗe, sannan ta jefa wayar a jaka. Ta ƙarasa wankin da ta tarar, ta sake ba uban abinci, ta nuna wa uwar inda ta ajiye maganinsa, duk ba tare da sun haɗa ido ba. Ba ta kwana ba.

Sati bai zagayo ba wani direban tasha ya yi sallama a ƙofar gida da kwali. A ciki akwai leda ɗaure da ruwa da sababbin kifaye, sun fi na da kyau, har da wani mai ruwan zinariya. A gefe kuma ga kwalbar magani, babba, sabuwa dal, ba a ko ɓalle murfinta ba. Direban ya ce Alhajin da ya aiko shi daga Abuja ya yi ta jaddada masa a kawo da wuri. Mero ta riƙe kwalbar a zaure, ta ji nauyinta, ta rasa abin da za ta yi da fuskarta a gaban baƙo. Ashe aikowar ba ta da wuya.

Ta shirya akwatin, ta saki kifayen, ta jingina Malam da filo. Ya dube su sau ɗaya. Sannan ya kama ƙarfen gado da hannun hagu, ya yi ta kokawa da jikinsa har ya karkata ya fuskanci bango. Ta gyara shi, ya sake komawa. Washegari ta kira maƙwabta biyu suka fitar da akwatin zuwa rumfa.

Ya koma karɓar abinci daga hannunta, don yunwa ba ta bar masa zaɓi ba, amma idonsa a rufe yake ci. Awaisu yakan kira yanzu jefi-jefi, ya tambayi kifaye, ta ce suna lafiya, ya ce a kula da su, kada a sake. Sa'adiya ta ci gaba da zuwa, sai dai ba kowace Juma'a ba, in ta zo kuma ɗakin uban take wucewa, ta gama abin da ya kawo ta, ta ce Inna sai an jima.

Da damina ta sauka, wata Juma'a Mero ta dafa dambun zogale, wanda Sa'adiya ke so tun tana yarinya, ta rufe a kwano ta ajiye. Hadari ya haɗu ta gabas, aka tafka ruwa har la'asar. Da aka ɗauke ta fita zaure ta tsaya tana duban bakin layi. Babura suna ta wucewa da mutane a jiƙe, har masu dawowa daga gona suka gama shigewa. Ta koma ciki ta kira 'ya'yan maƙwabta ta juye musu dambun, ta ɗauraye kwanon, ta shiga juya Malam.